Littattafan Da Ba Sa Amsa Sallamar Farko

Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Siwizalan, ba mutum ne da za a kira rago wajen karatu ba. Ya ƙarar da rayuwarsa yana tonon tsofaffin littattafan Latin da ko malaman jami'a suke kauce musu. Amma da Ulysses na James Joyce ya shiga hannunsa, sai ga shi yana shaida wa duniya, a wata maƙala ta 1932, cewa kafin ya kai shafi na 135 barci ya sace shi har sau biyu. A wasiƙar da ya aika wa Joyce a shekarar ya ce ya yi kusan shekara uku yana juya littafin a ransa kafin ya samu shiga cikinsa.

Virginia Woolf ma, wadda a yau ake jera sunanta kusa da na Joyce, ba ta ji daɗinsa ba. A watan Agusta na 1922 ta rubuta a kundin da take ajiye sirrinta cewa ta karanta shafi 200, kuma hukuncin da ta yanke raini ne irin na 'ya'yan manyan gida: a ganinta aikin wani ne da ya koyar da kansa, wanda bai sami gogewa ba. Bayan shekara uku ta fitar da Mrs Dalloway, labarin yini guda na watan Yuni a birni guda, ana fita zuciyar wannan a shiga ta wancan, wato tafarkin littafin da ta kushe. Can Faransa kuwa, André Gide na cikin waɗanda suka ƙi buga rubutun Marcel Proust suka mayar masa da shi a 1912 bayan ya ɗan leƙa shafuka kaɗan. Proust ya biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, littafin ya fito a 1913, Gide ya zauna ya karanta da kyau, sannan a Janairun 1914 ya rubuta masa wasiƙar nadama.

Saboda haka ɗalibin da malami ya ɗora wa ɗaya daga cikin waɗannan littattafai a Kano ko Zariya ko Yamai, ya buɗe, ya kai shafi na ashirin bai san wa ke magana ba, ya rufe yana zargin Turancinsa ko Faransancinsa, to ya kwantar da hankalinsa. Woolf da Turanci ta buɗe baki, Gide kuma da Faransanci. Abin da ya tare su shi ya tare shi, kuma a cikin zubi da tsarin littattafan yake.

Ana kiran wannan rukuni adabin sabon salo. Mafi yawansu sun fito ne tsakanin 1910 da 1940 a Turai da Amurka, zamanin da Yaƙin Duniya na Farko ya cinye miliyoyin matasa, ya kuma tafi da yardar da mutane ke yi wa muryar dattijo mai cewa ga yadda abu ya faru, ga ma'anarsa. A ƙagaggen labari na da akwai mai ba da labari da ke yi wa mai karatu jagora: ya gabatar da tauraro, ya faɗi ubansa da garinsu, ya bi kwanaki a jere. Mai karatun Hausa ya san wannan murya sarai, ita ce ta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Marubutan sabon salo sallamar wannan jagora suka yi. Suka jefa mai karatu cikin kan tauraro, inda tunani ke gudana yadda yake gudana a kan kowa: mutum na tafe a titi, wani ƙanshi ya tuna masa da uwarsa, kafin ya gama wannan bashi ya faɗo masa, kuma ba zai tsaya yi wa kansa bayanin wace ce uwarsa ba, don ya riga ya sani. Mai karatu ne bai sani ba. Sai ya yi nisa a littafin yake tattara abin da yake buƙata tun shafin farko.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar The Sound and the Fury na William Faulkner, na 1929. Labarin rushewar gidan Compson ne a jihar Mississippi ta kudancin Amurka, an kasa shi kashi huɗu. Na farko daga cikin kan Benjy yake fitowa, mutum mai shekara 33 da ke da naƙasar ƙwaƙwalwa, ba ya magana, ba ya bambance jiya da yau. Ranar ita ce 7 ga Afrilu, 1928, amma da ƙusa ta kama rigarsa a jikin shinge sai ya koma wata ranar sanyi ta yarintarsa da hakan ta taɓa faruwa, ba wata sanarwa in ban da karkatattun haruffa da ke nuna an sauya lokaci. Kamar wannan bai isa ba, mutum biyu ne masu suna Quentin a gidan, kawu da 'yar ƙanwarsa. Jason ma biyu ne, uba da ɗa. Shi kansa Benjy wani suna aka raɗa masa, daga baya aka sauya.

Wanda ya daure ya wuce zai tarar da kashi na biyu, ranar ƙarshe ta Quentin namiji a jami'ar Harvard a 1910. Sai na uku daga bakin Jason ɗa, mugu mai ƙorafi wanda aƙalla yana faɗin abu a jere. Sai na huɗu, inda aka dawo da mai ba da labari irin na da, aka bi Dilsey, baƙar mace mai aikin gidan, wadda ita kaɗai ke riƙe da abin da ya saura. A nan ne hoton yake haɗuwa. Wanda ya koma shafin farko a wannan lokaci zai sha mamaki, don kashin Benjy da ya zame masa duhu ya koma mafi taɓa zuciya a littafin. Zai gane cewa kukan Benjy na rashin yayarsa Caddy ne, wadda aka raba da gidan aka hana ambaton sunanta. Zai kuma lura da wata dabara da ke gabansa tun farko bai gani ba: yaron da ke kula da Benjy shi ne agogon labarin. In Versh ne, Benjy yana ƙarami, in T.P. ne, ya fara tasawa. In Luster ne, ana cikin 1928.

Faulkner ya san nauyin da ya ɗora wa mutane. Ya so a buga kashin da tawada kala-kala, kowane zamani da launinsa, hakan bai yiwu ba sai a 2012, da Folio Society na Landan ya fitar da bugu mai launi 14. A hirarsa da mujallar Paris Review a 1956, da aka ce masa wasu na kukan sun karanta rubutunsa sau biyu har sau uku ba su fahimta ba, shawarar da ya ba su ita ce su ƙara na huɗu. Da gatse a amsar, amma ba gatse kaɗai ba ne.

Ulysses ya fito a Paris ranar 2 ga Fabrairu, 1922, ranar da Joyce ya cika shekara 40, daga ƙaramin kantin littattafai na wata Ba'amurkiya, Sylvia Beach, domin masu ɗab'i a Ingila da Amurka suna tsoron kotu. Babi 18 ne, shafi sama da 700, kuma duk abin da ke ciki yini guda ne, 16 ga Yuni, 1904, a birnin Dublin na ƙasar Ailan. Tauraronsa Leopold Bloom, mai nemo wa jarida tallace-tallace, ɗan Bayahude a tsakiyar 'yan Katolika, ya fita da safe bai dawo ba sai bayan tsakar dare.

A babi na shida yana cikin keken doki tare da mutum uku, za su jana'iza. Sai aka hango wani ɗan gayu mai suna Boylan a bakin titi, abokan tafiya suka gaishe shi, Bloom kuwa ya duƙar da kai yana duba faratansa. Da wuya mai karatun farko ya tsaya a kan wannan layi. Mai karatu na biyu ya san cewa da ƙarfe huɗu na yammacin ranar Boylan zai je gidan Bloom wurin matarsa Molly, ya san Bloom ya sani, ya kuma san yawon da yake yi a gari na kauce wa gida ne da kauce wa wannan tunani. A cikin keken dai, ɗaya daga cikin mutanen ya shiga aibata masu kashe kansu, wani yana ta ƙoƙarin kawar da zancen. Sai an isa maƙabarta ake jin cewa mahaifin Bloom guba ya sha. Joyce bai tsaya ya ce ga mutum cikin baƙin ciki ba. Ya ajiye alamun ya wuce, kuma irinsu ɗaruruwa ne a littafin.

Bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba. A zauren malam ba wanda yake ɗaukar Risala ko Muƙamatul Hariri ya karance a mako guda ya ce ya gama. 'Yan layuka ake ɗauka, malam ya fassara, ɗalibi ya koma gida ya yi bita, in an sauke littafi a sake shi wurin wani malamin, da sharhi a gefe, ba kuma wanda yake ganin gazawa ce. Wannan haƙurin ake buƙata a nan, sai dai da sharaɗi ɗaya game da sharhi: a bar shi sai an gama babi. Littattafan jagora a kan Ulysses sun fara fitowa tun 1930, lokacin da Stuart Gilbert ya buga nasa da taimakon Joyce, kuma a yau akwai masu bayanin kusan kowane layi. Wanda ya tsaya duba kowane suna da kowace ishara a karatun farko zai gaji tun bai je ko'ina ba. Gara ya yi ta tafiya, abin da ya gane ya gane, abin da ya kuɓuce ya sa masa alama da fensir a gefen shafi.

Taƙaitawar da ake samu a waya kuwa, ko wadda manhaja ke haɗawa cikin daƙiƙa, tana iya fitar da ɗalibi kunyar jarrabawa, iyakarta ke nan. Abin da ya faru take faɗi, alhali a waɗannan littattafai abin da ya faru shi ne mafi ƙanƙanta. Ana iya taƙaita Mrs Dalloway a layi biyu: matar wani ɗan majalisa ta fita sayen furanni don liyafar da za ta yi da dare, wani tsohon soja da yaƙi ya taɓa wa hankali ya faɗa ta taga ya mutu, labarin mutuwarsa ya iske ta a tsakiyar liyafa. Wanda ya haddace wannan bai san yadda ƙarar agogon Big Ben ke ratsa Landan tana ɗinke tunanin mutanen da ba su san juna ba, bai kuma san abin da ya sa matar ta keɓe a ƙaramin ɗaki tana jin kamar ta san mamacin da ba ta taɓa gani ba.

Amfanin da ke cikin haka shi ne, ba a ɓata wa mutum irin waɗannan littattafai da faɗa masa ƙarshensu. To the Lighthouse na Woolf, na 1927, shaida ne. Fiye da rabin littafin yammaci guda ne a gidan hutun iyalin Ramsay a tsibirin Skye, inda yaro ɗan shekara shida yake son a kai shi hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, uwa tana ba shi fata, uba yana karya masa gwiwa. Sai kashi na biyu, 'yan shafuka kaɗan, ya haɗiye shekara goma. A cikinsa ne ake sanar da mutuwar uwar, wadda duk labarin ke kewaya ta, a jimla guda cikin baka biyu, tamkar abin da aka tuna a makare. Haka aka yi wa 'yarta da ta rasu sanadiyyar haihuwa, da ɗanta da bam ya kashe a Faransa. Mai karatu kan wuce wurin ya dawo da baya yana tambayar ko idonsa ne. A karo na biyu, cin abincin dare na kashin farko yakan zama wani abu dabam, domin yana kallon teburin ya san waɗanda ba za su sake zama a kansa ba.

Proust ya fi kowa ja da nisa. Aikinsa, À la recherche du temps perdu, juzu'i bakwai ne da suka fito tsakanin 1913 da 1927, kalmomi sama da miliyan ɗaya, uku na ƙarshe bayan rasuwarsa a 1922. 'Yan Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci suna da gata a nan, don daga tushe za su sha. A juzu'in farko mai ba da labari, yana yaro, ya hango wata yarinya, Gilberte, ta bayan shinge, ta yi masa wata alama da hannu wadda ya ɗauka raini ce. Bayan dubban shafuka, sun manyanta, take gaya masa ai kiransa take yi. Wanda ba shi da lokacin bin wannan doguwar hanya yana iya ɗaukar kashin soyayyar wani mai suna Swann daga juzu'in farko, wanda ake bugawa shi kaɗai, ya ga yadda ake feɗe kishi.

Duk wannan game da ginin littafi ne. Shi ma mai karatun ba ya zama yadda yake. Gabriel García Márquez, marubucin Kolombiya da ya ci kyautar Nobel a 1982, ya faɗi a tarihin rayuwarsa cewa yana ɗalibi a Bogota aka ba shi Ulysses, ya yi ta tsakurarsa har haƙurinsa ya ƙare. Sai da ya girma ya koma masa da natsuwa, ya ce a lokacin ne ya gano wata duniya a cikin kansa da bai san da ita ba, tare da dabarun sarrafa lokaci da suka yi masa amfani a nasa rubutun. Littafin dai bai ƙaru da ko harafi ba a tsakani.

Haka abin yake da littafin Franz Kafka da aka fi sani da The Trial a fassarar Turanci, wanda abokinsa Max Brod ya ƙi ƙonawa duk da wasiyya, ya buga a 1925. An kama Josef K., ma'aikacin banki, safiyar ranar da ya cika shekara 30, ba a faɗa masa laifinsa ba, aka bar shi yana zuwa aiki, ya share shekara yana neman bakin zaren shari'arsa. Ɗan shekara 18 yakan ɗauke shi mugun mafarki. Wanda ya taɓa bin fayil daga ofis zuwa ofis, wannan ya ce oga bai shigo ba, wancan ya ce a dawo ranar Litinin, yakan same shi kusan rahoto, ya kuma fara jin barkwancin da ke ciki. Brod ya ruwaito cewa da Kafka ya karanta wa abokansa babin farko, dariya ta yi ta katse shi.

Amma kada matashi ya zaci maimaitawa kullum ƙarin girma take jawo wa littafi. Wani lokaci asiri take tonawa. Heart of Darkness na Joseph Conrad, wanda aka fara bugawa a mujalla a 1899, na cikin littattafan da suka share wa sabon salo hanya, an kuma daɗe ana koyar da shi a matsayin fallasar ta'asar da aka yi a Kwango ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam. Conrad ya je can da ƙafarsa a 1890. Chinua Achebe ya faɗi cewa yana yaro, in ya karanta labaran Turawa a Afirka, bayan Baturen yake bi, yana jin haushin mutanen da ke tare masa hanya. Daga baya ya farga cewa shi ba ya cikin jirgin ruwan da ke hawa kogin. Yana cikin waɗanda aka zana a gaɓa suna tsalle-tsalle. A Fabrairun 1975, a wata lacca a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya tuhumi Conrad da wariyar launin fata ƙarara, ya nuna yadda littafin ya hana 'yan Afirka baki, ya mai da nahiya guda dandalin da wani Bature zai haukace a kai. An yi ta musu, ana kan yi, amma da wuya yanzu a koyar da littafin ba a ajiye laccar a gefensa ba.

Akwai ma wanda ya fi kusa da gida. Joyce Cary ya yi aikin mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya, ya zauna a Borgu, ya kuma fitar da Mister Johnson a 1939, labarin wani akawu baƙar fata a wani gari na Arewa. Mujallar Time ta kambama shi a 1952 a kan duk labaran da aka rubuta game da Afirka. Achebe da 'yan ajinsa a Ibadan sun karanta suka ce ba su san wannan ɗan Nijeriya mai washe baki ba, kuma ɓacin ran na cikin abin da ya haifi Things Fall Apart a 1958.

Abin lura shi ne Achebe bai kai ga hukuncinsa ta hanyar ƙin karatu ba. Ya san Conrad jimla-jimla, da kalmominsa ya kama shi. Matashin da ya ji an ce littafin na wariya ne ya yar da shi bai buɗe ba, aron ra'ayi ya yi, daidai da wanda ya ji an ce gagarumi ne ya hau yabo. Abin da ya fi masa shi ne ya karanta Conrad, ya karanta Achebe, ya koma wa Conrad, ya ga da idonsa inda tuhumar ta kama, da inda marubucin ya faɗi abin da 'yan zamaninsa kaɗan ne suka iya faɗi. Duka biyun suna cikin littafin, wani lokaci a shafi guda.

Ba dole ba ne kuma kowa ya so kowane ɗaya. Thomas Mann, da yake gabatar wa ɗaliban jami'ar Princeton littafinsa The Magic Mountain a 1939, ya roƙe su su karanta shi sau biyu, amma ya ɗauke wa duk wanda karatun farko ya gundura. Sai dai a bambance gundura da ruɗewa. Wanda ya ruɗe amma wani abu na jan sa, wata jimla ta maƙale masa, wani tauraro ya ƙi fita ransa, wannan littafin nasa ne, lokaci kawai ake jira. Wanda bai ji komai ba ya rubuta kwanan wata a bangon ciki, ya mayar da shi kanta, ya sake gwadawa bayan wasu shekaru.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Haramcin da aka yi wa Ulysses a Amurka har 1933, da Ingila har 1936, kan zargin batsa ne. Alƙali John Woolsey na New York ya wanke shi, amma akwai wurare, musamman babin ƙarshe inda tunanin Molly ke kwarara cikin dogayen jimloli takwas kusan ba aya ba waƙafi, da ba su dace da yaro ba, babba ma yana da damar cewa ba da shi ba. Woolf da Mann sun fi kamewa.

Mai son James Joyce gara ya fara da Dubliners na 1914, gajerun labarai 15 cikin Turanci miƙaƙƙe, inda zai haɗu da wasu da za su sake ɓullowa a Ulysses, har da biyu daga cikin 'yan keken jana'izar nan. In ya shiga babban littafin ya cije a babi na uku, inda saurayi Stephen ke yawo a bakin teku yana falsafa, wurin da ya yi suna wajen kayar da masu karatu, ya tsallaka zuwa na huɗu, inda agogo ya koma ƙarfe takwas na safe, Bloom yana haɗa wa matarsa karin kumallo yana hira da kyanwa. Kunne ma yana taimako. A 1982 gidan rediyon ƙasar Ailan ya watsa littafin baki ɗaya da muryoyin 'yan wasa, kusan awa 30 ba tsayawa, kuma abin da ya cukuikuye a ido sau da yawa yakan warware in an ji shi, tunda kowane mai magana da muryarsa. Joyce da Woolf duka a 1941 suka rasu, don haka haƙƙin mallakar ayyukansu ya faɗi a ƙasashe da yawa, ana samun su kyauta a intanet.

Wanda yake son gwada duk wannan a kan littafi guda, gajere, da ƙauyensa zai yi masa kama da gida, ya nemi Mausimul Hijra ilas Shamal na Ɗayyib Salih ɗan Sudan, wanda ya fara fitowa a mujallar Hiwar ta Bairut a 1966, aka fassara shi zuwa Turanci a 1969 da sunan Season of Migration to the North. Masu Larabci ba sa buƙatar tafinta, sai dai shi ma yana da shafukan da ba a karanta su gaban surukai. Salih ya juya tafiyar Conrad: ɗan Sudan ne, Mustafa Sa'id, ya tafi Landan ya yi ɓarna a can. Labarin yana zuwa gutsure-gutsure daga bakin wani da ba a faɗi sunansa ba, wanda ya dawo ƙauyensu a bakin Nilu bayan shekara bakwai yana karatu a Turai, ya tarar da baƙon manomi mai shiru-shiru, wanda wata rana cikin maye ya ɓarke da waƙar Turanci. Abin da ya faru a Landan ba ya cika sai dab da ƙarshe, da aka buɗe ɗakin da Mustafa ya kulle, cike da littattafai, babu na Larabci ko ɗaya. A karatun farko ido yana kan Mustafa. A na biyu yakan koma kan mai ba da labarin da abin da ya kasa yi, musamman lokacin da aka tilasta wa matar da Mustafa ya bari auren wani tsoho, alhali a hannunsa aka bar amanarta. Littafin bai kai shafi 200 ba, hutun zango guda ya isa a karanta shi sau biyu har a ba wani aro.